Marubucin da muke girmamawa da wanda muke komawa gare shi

Ɗalibin Adabi ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena da sauran 'yan'uwa masu sha'awar karatu. Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, kuma ina fata za ku amsa mini ita tsakani da Allah. Na lura cewa duk lokacin da aka tambayi Bahaushe mai ilimin boko wane marubuci ya fi so, kafin a rufe baki zai ce Abubakar Imam, amma idan aka matsa masa da tambaya sai a tarar rabonsa da buɗe Magana Jari Ce tun yana makarantar sakandare, wani ma abin da ya rage masa a ka bai wuce sunan aku da na Waziri ba. Wannan ne ya sa nake ganin akwai bambanci tsakanin marubucin da mutum yake girmamawa saboda an koya masa girmama shi, da wanda yake ɗaukar littafinsa da kansa ba tare da jarrabawa ta tilasta shi ba.

Ni dai nawa gwanin shi ne Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma a kan ɗan ƙaramin littafi guda ɗaya, wato Shaihu Umar. Abin da yake mayar da ni gare shi shi ne natsuwar muryar mai ba da labarin. Dattijo ne zaune a gaban almajiransa yana ba su tarihin rayuwarsa, da yadda aka sace shi yana yaro, da yadda ya ƙetare hamada tare da Balaraben nan Abdulkarim, da yadda mahaifiyarsa ta bazama nemansa har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi, amma ko sau ɗaya bai ɗaga murya ba, bai kuma roƙi mai karatu ya tausaya masa ba. Lokacin da suka haɗu da mahaifiyar a Tarabulus, ta rasu ba da daɗewa ba, marubucin ya wuce wurin da 'yan kalmomi kaɗan, kuma wannan taƙaitawar ce take sa abin ya zauna wa mutum a rai.

To, ina roƙon kowa ya faɗa mana marubucin da yake komawa gare shi da littafin da ya fi kama shi da dalilinsa, ko da Hausa aka rubuta shi ko da wani harshe. Idan kuma akwai littafin da duniya take yabo amma ku bai shige ku ba, shi ma ina so in ji.

Tsohon Malami ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, tambayarka ta yi ma'ana, kuma gaskiya ne cewa sunan Imam ya zama amsar da ake bayarwa don a huta. Sai dai ni ina cikin waɗanda suke ambatonsa da hujja, domin na koyar da littattafansa shekaru masu yawa, kuma bayan na ajiye alli ban daina karanta su ba.

Ya kamata a tuna cewa littafin da ka zaɓa da Ruwan Bagaja na Imam 'yan ciki ɗaya ne. Dukansu sun fito ne daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, gasar da ta haifar da Ganɗoki na Bello Kagara, wanda yayan Imam ne, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sannan ga Jiki Magayi da John Tafida ya rubuta tare da East ɗin kansa. An haifi Imam a 1911, ka ga ke nan yana da shekara 22 kacal lokacin da ya shiga gasar. Idan mutum ya karanta waɗannan littattafai a jere zai ga cewa kowane marubuci ya ɗauki hanyarsa daban wajen warware matsala ɗaya, wato yadda za a mayar da labarin da aka saba ji da kunne ya koma abin da ake bi da ido a takarda. Tafawa Ɓalewa ya ɗauki muryar malami a zaure. Bello Kagara ya ɗauki muryar mai kirari. Imam kuwa ya ɗauki muryar mai hira wanda ya san lokacin da masu sauraro suka fara gajiya, sai ya jefo abin dariya.

A nan ne gwanintarsa take. Ka dubi yadda a cikin Ruwan Bagaja jarumin labarin, Alhaji Imam, da Malam Zurƙe suke haɗuwa a gari bayan gari, wannan ya yi wa wancan tsiya yau, gobe wancan ya rama, ga kuma neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki yana jan labarin gaba a hankali. Wanda ya karanta Maƙamatul Hariri zai gane dangantakar nan take, domin can ma haka mai ba da labari yake ta cin karo da Abu Zaid a garuruwa dabam-dabam, kowane karo da irin shigar da ya yi. Amma Hariri ya rubuta nasa ne don ya nuna zurfin Larabci, har ɗalibi ba ya iya wuce layi biyu sai da sharhi, shi kuwa Imam ya rubuta nasa da Hausar da yaro zai fahimta, babba kuma ya sami abin da yaron bai hango ba.

Game da Magana Jari Ce, wanda ya fito kashi uku tsakanin 1937 da 1939, na sha jin masu cewa ai aro ne daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turawa da na Indiya. Ba a musun aron. Abin tambaya shi ne me ya yi da abin da ya aro, kuma amsar ita ce ya sauya masa suna da gari da ɗabi'a da salon magana har ya zama babu mai karantawa ya ji baƙunta. Sannan ginin littafin kansa abin nazari ne. A kashi na farko aku yana ba da labari ne don ya tsare Musa ɗan sarki a gida kada ya faɗa tarkon Waziri, ka ga kowane labari yana da aikin da yake yi, jinkirta yaron ne har gari ya waye. A kashi na uku kuwa akun ya zama uba yana koya wa ɗansa Fasih dabarun magana, wato marubucin yana bayyana sirrin sana'arsa ta bakin tsuntsu. Na fi son na ukun, kuma sai da na manyanta na fi son sa.

Wanda bai shige ni ba shi ne Ganɗoki. Ina jin daɗin farkonsa, inda ake yaƙi da Turawa kuma ƙafar labarin tana kan tarihi, amma da zarar an shiga duniyar aljanu sai hankalina ya fita, domin jarumin da ba ya faɗuwa ba ya sa ni fargaba.

Maman Iman ta amsa:

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ban isa in ja da ku a kan Imam ba, amma ina neman izini in faɗi wani abu da na daɗe ina lura da shi. A cikin littattafan nan biyar na farko babu wanda mace ta rubuta, kuma matan da suke cikinsu yawanci ana ba da labarinsu ne daga waje. Sai a 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, kusan shekara hamsin bayan waccan gasa. Saboda haka idan mace ta ce gwanarta tana cikin marubutan da suka zo daga baya, ba rashin sanin na farkon ba ne ya jawo.

Tawa gwanar ita ce Balaraba Ramat Yakubu, littafin kuma Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990. Labarin Rabi ne, matar Alhaji Abdu, mai 'ya'ya tara, wadda take ta maneji da ɗan abin da miji yake bayarwa alhali yana da hali, har ya auro Delu, rikici ya tashi, ya kore ta da 'ya'yanta. Abin da ya kama ni shi ne yadda marubuciyar ta tsaya a kan lissafin gida. Tana nuna maka abin da aka bayar na cefane da bakunan da za su ci, da kuɗin makarantar yara, da yadda Rabi ta kama sana'a ta tsaya da ƙafarta bayan an sake ta. Marubuci namiji na wancan zamani zai wuce wannan da jimla ɗaya, ita kuwa ta san cewa a nan rayuwar matar take. Ƙarshen littafin kuma har yau ina muhawara da ƙawayena a kansa, domin bayan dukiyar Alhaji Abdu ta ƙone, an matsa wa Rabi ta koma gidansa. Wasu suna ganin marubuciyar ta ja da baya ne, ni kuwa ina ganin ta faɗi abin da yake faruwa ne, ta bar mai karatu da ɗacinsa. An fassara littafin zuwa Ingilishi, Aliyu Kamal ne ya fassara, wani kamfani a Indiya ya buga shi a 2012.

Na san za a ce ai wannan Adabin Kasuwar Kano ne, sunan da aka laƙaba wa littattafan da marubuta suka riƙa bugawa da kuɗinsu tun daga tsakiyar shekarun 1980, aka kuma yi ta ce-ce-ku-ce a jaridu a kan ko sun cancanci a kira su adabi. Ba na musun cewa akwai tarkace a cikinsu, akwai masu kurakuran rubutu a kowane shafi, akwai waɗanda labarinsu bai wuce saurayi kyakkyawa da mota ba. Amma ba adalci ba ne a ɗaure su duka da igiya ɗaya. Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba ya yi magana a kan cire yarinya daga makaranta a aurar da ita ga wanda ba ta so, kuma wadda ta rubuta shi ita kanta an yi mata aure tana ƙarama. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Funtuwa sun sa dubban mutanen da ba su taɓa sayen littafi ba sun koyi zama su karanta shafi ɗari, har su nemi kashi na biyu.

A wajen Hausa kuwa, wadda nake ajiyewa kusa da Balaraba ita ce Mariama Ba ta Senegal. Littafinta, wanda aka fassara da sunan So Long a Letter, wasiƙa ce da wata malamar makaranta take rubuta wa aminiyarta tana cikin takaba, bayan rasuwar mijin da ya juya mata baya ya auri ƙawar 'yarsu. Da Faransanci aka rubuta shi a 1979, amma duk macen da ta karanta shi za ta rantse ta san gidan.

Mai Son Waƙa ya amsa:

Ni tawa gajeruwa ce, kuma ƙorafi ce. Duk wanda ya yi magana ya ambaci ƙagaggun labarai, kamar dai marubuci ba ya zama marubuci sai ya rubuta zube, alhali rubutacciyar waƙa ta riga ƙagaggen labari da fiye da ƙarni guda a Hausa, tun zamanin su Nana Asma'u da ta rasu a 1864. Nawa gwanin shi ne Aƙilu Aliyu, kuma Fasaha Aƙiliya ne littafin da ba na bayar da aronsa. Ba a karanta shi da ido kaɗai. Sai mutum ya ɗaga murya ya rera, sannan zai ji yadda yake juya kalma ɗaya ta ba da ma'ana biyu ba tare da karin ya karye ba, musamman a 'Yar Gagara da Hausa Mai Ban Haushi. Sa'adu Zungur ina girmama shi, kuma Arewa Jumhuriya ko Mulukiya waƙa ce da duk mai son fahimtar siyasar shekarun da suka gabaci 'yancin kai ya kamata ya sani, amma idan zan bi ma'aunin da ƙanena mai tambaya ya kawo, shi na girmamawa ne, Aƙilu ne na komawa. Sai kuma Imfiraji na Aliyu Namangi, makahon malamin da baitocinsa suka shiga bakin mutanen da ba su taɓa ganin littafin ba.

Abu Hanifa ya amsa:

Ina tare da mai tambaya a kan cewa abin da aka fi yabo ba lalle ne ya zama abin da ya fi kama mutum ba, kuma misalina daga Chinua Achebe ne. Kowa Things Fall Apart yake ambata, wanda ya fito a 1958, amma ni Arrow of God na 1964 ya fi mini nesa ba kusa ba. Okonkwo, jarumin Things Fall Apart, mutum ne mai fuska ɗaya, tsoron kada a ce ya yi kama da ubansa shi ne yake tuƙa shi daga farko har ƙarshe, kuma tun a tsakiyar littafin mai karatu ya san inda zai ƙare. Ezeulu kuwa na Arrow of God, babban limamin gunkin Ulu, mutum ne mai hangen nesa, har ya tura ɗansa wurin 'yan mishan don ya zama idonsa a can. Amma bayan Turawa sun tsare shi ya dawo, sai ya ƙi sanar da lokacin bikin sabuwar doya saboda bai gama cinye doyar ibada da yake ci ɗaya a kowane wata ba, amfanin gona ya yi ta lalacewa a ƙasa, mutanensa suka juya wa abin bautarsu baya. Har ka rufe littafin ba za ka iya yanke hukunci ba ko biyayya ce ya yi wa abin da yake bautawa ko fushinsa ne ya sa wa rigar addini. Irin wannan littafin nake so, wanda yake barin ni da aikin yi.

Dalilin da ya sa nake son Ɗayyib Salih na Sudan ke nan. Mausimul Hijra ilas Shamal, wanda aka buga a 1966, bai kai kauri ba, amma Mustafa Sa'id, mutumin da ya je Ingila ya yi karatu ya yi ɓarna ya dawo ya ɓuya a wani ƙauye a bakin kogin Nilu, ba ya fita daga kan mai karatu. Najib Mahfuz kuwa, duk da kyautar Nobel da ya samu a 1988, na fara manyan littattafansa na ajiye, domin tafiyarsu tana yi mini nawa. Wannan ra'ayina ne kawai, na san akwai waɗanda a wurinsu wannan nawar ita ce daɗin.

A Hausa, ina mamakin yadda ba a cika ambaton littattafan farkon shekarun 1980 ba. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya shiga duniyar 'yan fasa-ƙwauri da jami'an da ake saye da kuɗi, Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare kuma ya kawo Mailoma, jarumin da ba a rubuta shi don a so shi ba. Sun faɗo ne a tsakanin zamani biyu, ba su sami gatan da manhajar makaranta ta ba na farko ba, ba su kuma sami kasuwar da na soyayya suka samu ba. Zan ƙara da Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi wa Animal Farm na George Orwell, ga duk mai son ganin yadda ake fassara ba tare da an ji ƙamshin harshen asali ba.

Ɗalibin Adabi ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, ina da ƙarin tambaya gare ku. Tunda kun koyar da na farkon, shin kun karanta waɗanda Yaya Maman Iman ta ambata, kuma kuna ganin za a iya ajiye su a layi ɗaya da su Ruwan Bagaja?

Tsohon Malami ya amsa:

Na karanta Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila?, kuma 'yata ta yi gaskiya a kan abin da ta faɗa game da lissafin gida. Imam bai rubuta wannan ba, kuma ban ga alamar ya nufi rubuta shi ba. Inda nake da magana shi ne wajen tacewa. Littattafan 1933 sun bi ta hannun edita, an karanta su an gyara, an daidaita rubutunsu kafin su isa ga jama'a, kuma Imam kansa ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da East kafin ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Marubutan da suka zo daga baya yawancinsu su ne marubuta, su ne masu gyara, su ne masu biyan maɗaba'a, su ne kuma masu kai wa 'yan kasuwa. Saboda haka idan na ga shafin da ya kamata a rage ko babin da aka maimaita, ba na ɗora laifin duka a kan basirar marubucin. Abin da zan so in gani shi ne a zaɓi fitattu daga cikinsu a sake buga su da gyara mai kyau, a raba kalmomi yadda ya kamata, a sa wa haruffa masu lanƙwasa lanƙwasarsu, sannan a yi kwatancen.

Kai kuma, tunda natsuwar murya ce take jan ka, ka nemi Al-Ayyam na Ɗaha Husain, inda malamin nan na Masar yake ba da labarin ƙuruciyarsa da makantarsa da zuwansa Azhar, yana kiran kansa yaron kamar wani yake nufi. Akwai fassararsa da Ingilishi idan Larabcin zai yi maka nauyi, kuma kashi na farko ya fi sauran, da shi za ka fara.